Yadda ake wanke kujerun fata na mota da kare su daga rana da ƙura

Buɗe ƙofar direba ka dubi gefen kujerar, wancan tudun da cinya take gogawa duk shiga da fita. A nan fatar mota take fara mutuwa. Da farko wurin zai yi ƙyalli fiye da sauran kujerar, daga nan ƙananan layuka su bayyana kamar tafin hannun tsoho, sai launin ya fara goguwa, ƙarshe fatar ta buɗe baki soso ya leƙo. Wannan ƙyallin na farko mutane da yawa suna ɗaukarsa alamar tsafta, alhali dauɗa ce: gumi da man shafawa da ƙura suka haɗu, zama ya daddale su. Sabuwar fatar mota ba ta sheƙi, dishi-dishi take, kuma haka ya kamata ta koma bayan wanki mai kyau.

Kafin ka taɓa ruwa, san abin da kake wankewa

Kuskuren da ya fi yawa ya samo asali ne daga sanin da muka yi wa fata a gida. Fatar da majema suke jemewa da bagaruwa, wadda dukawa ke ɗinka jaka da kube da takalmi da ita, ƙofofin jikinta a buɗe suke. Idan ta bushe aka shafa mata mai, sai ta sha ta yi laushi. Fatar mota ba haka take ba. Yawancinta fatar shanu ce da aka jeme da sinadarin kuromiyam, aka fesa mata fenti, sannan aka bi da wani siririn rufi na roba mai suna foliyuritan. Hannunka bai taɓa taɓa fatar kanta ba, rufin yake taɓawa. Saboda haka aikinka duka shi ne kiyaye wannan rufin. Muddin yana nan lafiya, fatar da ke ƙarƙashinsa tana lafiya. Ranar da ya goge, babu man da zai mayar da shi.

Gwajin ba wuya. A wuri mai tsafta wanda ba a zama a kai, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ka jira minti ɗaya. In ya tsaya dunƙule a sama, fatarka mai rufi ce, kuma duk abin da ke cikin wannan rubutu ya shafe ta. In ya nutse wurin ya yi duhu, to ko dai rufin ya riga ya goge a nan, ko kuma irin fatar nan ce mara rufi da ake samu a ƙalilan daga manyan motoci masu tsada. Irin wannan ba ta son ruwa ko kaɗan, sai kayan wankinta na musamman.

Akwai kuma abin da dillalai ba sa faɗa. A motoci da yawa, wurin zama da wurin jingina ne kaɗai fata. Gefuna da bayan kujera roba ce, wadda muke kira leda (ita kanta kalmar daga sunan fata na Turanci aka aro ta, shi ya sa ake ta rikita su a kasuwa). Wasu motocin ma babu fata a cikinsu gaba ɗaya: MB-Tex na Mercedes, SofTex na Toyota da NuLuxe na Lexus duk na haɗi ne. Wankinsu iri ɗaya ne da na fata mai rufi, sai dai sayen man fata dominsu asarar kuɗi ce, ba abin da zai shiga.

Kayan aiki

Ka tanadi injin zuƙe ƙura mai siririn baki, da tsumma mai laushi guda huɗu ko biyar, irin wanda ake kira maikirofaiba. In babu, tsohuwar farar singileti ta auduga ta wadatar; fara ake so, domin ka ga abin da ke fita, kuma kada launinta ya zuba a kujera. Sai burushi mai laushi na gashin doki, irin na goge takalmi amma sabo wanda bai taɓa ganin man takalmi ba, da tsohon burushin haƙori mai laushi saboda ɗinki, da bokiti biyu ƙanana.

Maganar sabulu ita ce babba. Fata ta ɗan karkata ga tsami, a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin abu da shi, tana wajen 4 zuwa 5. Omo da sabulun wanki na sanda suna can ɗaya ɓangaren, wajen 10 ko fiye, ɓangaren kanwa da ruwan toka. Suna fitar da datti nan take, shi ya sa masu wankin mota suke son su, amma suna busar da rufin, kuma abin da ya shiga ta ɗinki da ƙananan tsaga yana sa fatar ta yi tauri. Ba a ganin ɓarnar a rana ɗaya. Sai bayan wata shida ko shekara kujera ta fara ƙara kamar busasshen ganye idan an danna ta.

Mafi alheri shi ne ruwan wankin fatar mota na kwalba, irin na Lexol, Meguiar's ko Colourlock, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. In ba a samu ba, a haɗa a gida. Littafin mai mota na Toyota ya ce a yi amfani da sabulun ruwa mara kaifi, irin na wankin kayan ulu, kimanin kashi 5 cikin ɗari a ruwa, wato cokalin cin abinci uku a lita ɗaya. Na Honda ya ba da kashi 10 na sabulu mara kaifi da kashi 90 na ruwa. Sabulun ruwa na wankan jarirai yana iya tsayawa a madadinsu, amma fara da kaɗan, cokali ɗaya a lita, domin yawan sabulu yana barin danƙo da ke kama ƙura. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai gishiri ne, wanda ke barin farin tabo a gilashi, yi amfani da ruwan leda.

Wankin kansa

A inuwa ake yi, da safe ko da yamma, lokacin da kujera ta huce. A kan fata mai zafi sabulu yana bushewa kafin ka goge shi, ya bar zane.

Fara da zuƙe ƙura, kuma kada ka yi gaggawa a nan, domin rabin aikin ke nan. Kwantar da majingina baya iya kwanciyarta don lungun da ke tsakaninta da mazauni ya buɗe. Da yatsun hannu ɗaya ka ware kowane ɗinki, da ɗaya hannun ka bi shi da bakin injin. Abin da ke kwance a wurin yashi ne da ɓawon gyaɗa da garin biskit, kuma yashin shi ne ke yanka zare a hankali duk lokacin da aka zauna. In ka jiƙa kujera ba ka cire shi ba, ka mayar da tsummanka takardar goge katako. Ka kula kada bakin injin ya karce fatar. In na roba mai kaifi ne, naɗa masa salatif.

Gwada ruwan sabulunka a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan gefen kujerar baya. Goga sau biyar ko shida ka dubi tsumman. Baƙi ko ruwan ƙasa datti ne. Amma in ka ga launin kujerar kanta a jikin tsumma, tsaya. Wannan yana yawan faruwa a motocin da aka sayo na hannu, domin ana fesa wa kujerunsu fenti mai arha kafin a kai su kasuwa, kuma irin wannan fentin, ruwa kaɗai ma in ya yi yawa yana ɗaga shi. Kujera irin wannan tsumma mai danshi kawai za ta iya ɗauka.

In gwaji ya yi kyau, kama aiki daga sama zuwa ƙasa: matashin kai, majingina, sannan mazauni. Kada ka zuba ko ka fesa ruwa a kan kujera kai tsaye. Tsoma bakin burushi, ka kakkaɓe, ka kama wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu. Juya burushin a zagaye, da nauyin hannu kawai, na daƙiƙa 20 zuwa 30, har kumfa ta tashi. Za ka ga farar kumfa tana komawa ruwan toka. Dattin da ke cikin zanen fatar ne yake fitowa. Kumfar ce ke aikin, ba ƙarfin damtse ba. Kafin ta bushe, ɗauke ta da busasshen tsumma, shafa ɗaya zuwa gefe ɗaya, kana juya tsumman zuwa wuri mai tsafta. Sai ka bi da wani tsumman da ka tsoma a ruwa zalla ka matse sosai har ba ya ɗiga, don cire ragowar sabulu. Na uku busasshe ne.

In wurin bai fita ba, maimaita sau biyu ko uku a hankali. Wannan ya fi dirza sau ɗaya da ƙarfi. Wata dabara: manna salatif a tsakiyar mazauni ka wanke rabi ɗaya, ka cire. Bambancin da za ka gani tsakanin rabi mai ƙyalli da rabi mai dishi-dishi shi zai nuna maka inda ya kamata ka tsaya a sauran kujerun.

Gefen kujerar direba a bi shi da lallashi. Rufinsa ya riga ya yi siriri, kuma wani duhun da kake gani a wurin ba datti ba ne, fenti ne ya goge. In ka nace sai ya fita, garin neman gira za ka rasa ido.

Da ka gama, bar ƙofofi a buɗe a inuwa na minti 30 zuwa awa ɗaya. Kada a busar da na'urar busar da gashi, kada kuma a kai mota rana don ta bushe da wuri. Fata mai danshi da ta sha zafi tana ƙanƙancewa, kuma ba ta komawa.

Kujera mai ƙananan huji tana da nata hukunci. Ƙarƙashin hujin akwai soso, a wasu motocin kuma da wayoyin ɗumama kujera ko fanka mai hura iska. Ruwan da ya shiga nan ba ya fita da wuri, sai wari. A kan irin wannan, kumfa kaɗai ake ɗorawa a burushi, a ɗauke nan da nan. Hujin da ya toshe a buɗe shi da tsinken sakace, a hankali, sannan a zuƙe. Haka nan ƙarƙashin kujerun gaba akwai wayoyin jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari), masu launin rawaya galibi, da na'urar da ke gane ko akwai mutum a kujera. Duk mai wankin da ya nufo cikin motarka da tiyon ruwa, dakatar da shi tun daga nesa. Fitilar gargaɗin jakar iska da ke kamawa a dashbod bayan wanki sau da yawa wannan ruwan ne sanadinta.

Abubuwan da ba sa zuwa kusa da kujera

Fetur, kananzir, tina, ruwan cire jan farce, da bilic. Duk suna narkar da rufi ko su cinye launi. Soson ƙarfe da koren soson wanke-wanke, ba sai an faɗa ba. Akwai kuma wani farin soso mai kama da burodi da ake tallarsa a matsayin mai goge kowane tabo. Yana gogewa kuwa, amma ta hanyar kankare saman rufin, don haka wurin zai yi fes yau, ya riƙa kama datti fiye da da daga gobe. Tsumman goge jarirai ma ba na yau da kullum ba ne, ba don fata aka yi sinadaransa ba.

Tabo iri-iri

Sauri ya fi kowane magani. Abin da za a ɗauke da tsumma a minti biyar na farko, bayan kwana uku a cikin zafi ya zama ɗan gida.

Manja da miya: a dangwala da tsumma ko tishu, kada a goga, domin gugar tana faɗaɗa shi. A barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai ya kwana a kai ya tsotse man, da safe a zuƙe, a wanke da ruwan sabulu. A kan kujera mai haske, jan manja yana iya barin inuwa in ya daɗe.

Launin tufafi shi ne babban abokin gabar kujera fara ko mai ruwan madara. Sabon wandon jins da kayan da aka rina da baba suna zuba, musamman in akwai gumi, kuma shuɗin yana nutsewa cikin rufin a hankali. In an kama shi a makon farko, wanki na yau da kullum yana fitar da shi. In ya yi watanni, sai mai gyaran launi. Lalle ma haka: hannun da bai gama bushewa ba in ya dafa kujera, a goge a take.

Biro: akwai maganin cire tawada na fata, shi ya fi. In babu, a ɗan jiƙa kan audugar goge kunne da sifirit, a dangwala a kan layin tawadar kaɗai, a ɗauke da tsumma, a duba. Da zarar launin kujera ya fara bin audugar, a haƙura. Layin biro siriri ya fi farin tabo mai faɗin kwabo kyan gani. Dalilin da ya sa sifirit ke da haɗari shi ne dalilin da ya sa bai kamata a fesa turare a zaune cikin mota ba, ko a dafa kujera da sitiyari da hannu mai jiƙe da sanitaiza: barasar da ke cikinsu tana tausasa rufin. Man sauro na shafawa ma yana yin haka.

Cingam: ƙanƙara a cikin leda, a ɗora minti biyu ko uku har ya yi tauri, a ɓamɓare da gefen tsohon katin banki. Jini: ruwan sanyi kawai, na zafi yana dafa shi ya kama. Fitsarin yaro, amai da madara: matsalarsu ɗinki ne, domin ta nan suke gangarawa cikin soso. A danna busasshen tawul da ƙarfi a kan ɗinkin sau da yawa kafin a fara wanki. In wari ya ƙi tafiya bayan kwana biyu, sai an cire rigar kujerar an wanke soson; turaren mota ba zai rufe shi ba.

Funfuna tana zuwa da damina, musamman a motar da aka rufe aka yi tafiya. A haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a goge da tsumma matsattse, a bi da ruwa zalla, a bar iska ta ratsa. Sannan a ɗaga kafet a taɓa ƙasa. In da danshi, a duba bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota, ko magudanar tagar rufi in motar tana da ita. Muddin suna toshe, funfuna za ta dawo.

Shafa mai da kariya

A nan ake yin gyaran gangar Auzinawa. Man kaɗanya, man zaitun, man gyaɗa da basilin ba sa ratsa rufi. A sama suke zama, su kama ƙura, su jiƙa zaren ɗinki, na girki kuma su yi ɗoyi in zafi ya buge su. Wanda ya shiga ta tsaga yana sa fatar ta yi duhu, kuma ya hana fenti kamawa ranar da za a zo gyara. Man takalmi kuwa, duk wanda ya shafa shi zai gane kurensa ranar Juma'a, a bayan farar shaddarsa. Man ƙyallin dashbod yana sa kujera santsi, mutum ya riƙa zamewa in an taka birki. A sitiyari kuma haɗari ne sosai.

Abin da ya dace shi ne man fatar mota mai tushen ruwa, wanda yake kamar madara, ko kuma ruwan kariya da ke barin siririn shamaki a kan rufin don rage guga da kamun launi. A kan sabuwar kujera, na biyun ya fi amfani. Tsohuwa mai ƙananan layuka ita ce ke cin moriyar na farkon, domin yana samun hanyar shiga. Ko wanne ne, sai a kan kujerar da aka wanke ta bushe; shafawa a kan datti rufe datti ne. A zuba kamar girman ƙwayar dabino a kan tsumma ko soso mai laushi, ba a kan kujera ba, a baza siriri a kan mazauni ɗaya. A jira minti 10 zuwa 15, ko yadda kwalbar ta ce, a goge ragowar da busasshen tsumma. In ka shafa yatsa ka ji danƙo, ya yi yawa, ƙara gogewa. A kan mai huji a rage fiye da haka, don kada ya cika hujin ya bushe fari.

Duk da haka, inuwa ta fi kowace kwalba. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin waje yana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana haura 60. Wannan zafin yana fitar da danshin fata ya sa ta ƙanƙance, hasken rana kuma yana cin launi. Dubi saman kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, nan ne ke fara koɗewa. Abin tare rana na gilashin gaba, mai fuskar azurfa, ba shi da tsada, kuma ya kamata ya zauna a mota kullum. In babu rumfa, juya motar yadda rana ba za ta faɗa kan kujerar direba ba, ko ka yafa farin tawul a kai. Mai son manna wa gilashi takarda ya sani akwai mai haske da ke tare hasken da ke cin launi ba tare da ta yi duhu ba. Mai duhu kuwa a Najeriya tana buƙatar izinin 'yan sanda.

Ledar da sabuwar mota ke zuwa da ita a kan kujeru, a cire ta. Ba kariya ba ce a wannan zafin: tana riƙe danshi, tana kuma iya mannewa a jikin rufin. Littafin Toyota ma ya yi gargaɗi a kan barin kayan roba ko leda a kan fata a cikin mota mai zafi. Rigar kujera ta yadi ba laifi, da sharaɗi biyu. A riƙa cire ta duk wata ana zuƙe yashin da ya shige ƙarƙashinta, in ba haka ba tana goga shi a kan fatar a ɓoye. Sannan a duba gefen majingina: in akwai alamar da aka rubuta SRS AIRBAG, jakar iska ta nan take fashewa ta fito, kuma rigar da aka ɗinke wurin ruf tana iya hana ta. A sa mai ɗinki ya bar wurin a buɗe. Ƙarƙashin kujerar yara a shimfiɗa tawul mai kauri. Mabuɗi a aljihun baya, ƙarfen wandon jins da zoben jaka su ne ke yin yawancin karcen da ake gani.

Sau nawa? Littattafan mota suna cewa sau biyu a shekara, amma ba da ƙurarmu aka yi wannan lissafin ba. Da hunturu, a goge da tsumma mai danshi duk mako, a zuƙe ƙura duk mako biyu. Cikakken wanki duk wata uku, kujerar direba da mai launin haske duk wata. Man kariya sau biyu ko uku a shekara ya isa, kuma lokutan da suka fi dacewa su ne farkon hunturu, wajen Nuwamba, da gab da bazara, wajen ƙarshen Fabrairu.

Idan ta riga ta tsage

Ƙananan layuka da gogewar launi suna gyaruwa. Mai gyaran fata zai wanke wurin ya cire maiƙo, ya ɗan goge da takardar yashi mai laushi sosai, ya cike tsagar da wani abu mai kama da man goge haƙori wanda ke lanƙwasuwa bayan ya bushe, ya shafa launi siriri sau biyu ko uku, sannan ya rufe da sabon rufi. Tambaye shi irin fentin da zai sa. In ya ɗauko gwangwanin fentin ƙarfe na fesawa, ɗauki motarka ka tafi. Wannan ba ya lanƙwasuwa, cikin makonni zai farfashe ya riƙa bin tufafi.

In ɗinki ne ya warware, a kai wa mai ɗinkin kujeru tun yana taƙi ɗaya, ya bi tsofaffin hujin allura. Sababbin huji kusa da tsofaffi suna yaga fatar kamar takardar rasit. Kada a ɗiga sufagulu a kan yaga, yana sandarar da bakin wurin ya karye gaba. In fatar ta buɗe har soso ya fito, a canza wannan ɓangaren kaɗai, ba sai an sake kujerar duka ba, kuma a sa ya duba soson gefen. Yawanci ya riga ya murƙushe, kuma sabuwar fata a kan mataccen soso za ta naɗe ta tsage a daidai inda tsohuwar ta tsage.